Yadda Na Sayi Impala: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

Sakataren ƙungiya ya nemi in yi magana a kan rayuwa bayan ritaya. Na ce masa ban ƙware a wannan fanni ba, amma tun da rabin mutanen da ke zauren nan sun tsaya a bakin ƙofa suna leƙen motar da na zo da ita, gara in ba da labarinta gaba ɗaya, in huta da tambaya.

Asalin abin tun muna aji biyu ne, a 1974. Waɗanda muka sulale tare zuwa kallon hawan Sallar Gani za su tuna da wata doguwar mota mai buɗaɗɗen kai da ta kawo wani baƙo daga Kano. Jama'a na kallon dawaki, ni kuwa ina bayan motar nan ina ƙirga fitilunta, uku dama uku hagu. Bulalar da muka sha a daren nan ta warke, amma motar ba ta fita daga raina ba. Sai daga baya na san sunanta Chevrolet Impala, kuma fitilun nan shida su ne ke bambanta ta da ƙannenta, Bel Air da Biscayne, masu bibbiyu a kowane gefe.

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati, ban taɓa mallakar abin da ya wuce Peugeot 504 ɗin da ake harhaɗawa a Kaduna ba, sai wata Toyota daga baya. Da na ajiye aiki a 2018 aka biya ni haƙƙina, sai tsohon ciwon ya tashi. Shigo da ita daga Amurka ba zance ba ne, domin doka ta ƙayyade shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, kuma tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, watau ko ta Kwangwalam ba dama. Sai dai a nemi wadda ta daɗe a gida. Wani dillali ya kai ni wani tsohon gida a Kano, inda magada ke son rabuwa da wata Impala ƙirar 1964 da ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa. Ba zan faɗi kuɗin ba, saboda uwargida tana zaune a layi na uku.

Abu guda na yi daidai a ranar. Ɗana ya karanta mini cewa akwai masu yanke rufin mota su ce buɗaɗɗiya ce tun asali, kuma a lambobin kamfanin General Motors na wancan zamani, 67 ce alamar wadda aka ƙera a buɗe. Na duba ɗan ƙarfen da ke jikin ƙofar direba, na ga 41867: huɗu na nufin shekarar 1964, sha takwas Impala mai silinda takwas, sai 67 ɗin. Daga nan hankalina ya kwanta, kuma kwanciyar hankalin nan ita ta cuce ni. An yi mata sabon fenti ja, ta tashi a bugu na uku, na ji ƙarar injin nan mai lita 4.6, shi ke nan na manta da cewa mota tana da ciki da ƙasa. Ko durƙusawa ban yi ba, don kada babbar rigata ta yi datti.

Malaminmu na aikin ƙarfe yana nan zaune, Allah Ya ƙara masa lafiya. Malam, kai ka koya mana cewa maganaɗisu ba ya kama komai sai ƙarfe. Da na sa ɗan maganaɗisu a aljihu na bi gefen motar da shi, da na gane cewa ƙasan ƙofofin duka cikon gam ne aka shafe da fenti. Na ci jarrabawarka a 1977, amma na faɗi ta a 2019.

Na ƙi a ɗora ta a babbar mota, na ce da ƙafarta za ta shiga Daura. Mun wuce Dambatta lafiya, yara na ɗaga mana hannu. Dab da Kazaure wata akuya ta tsallaka, na taka birki, sai na ji ƙafata ta tafi har ƙasa babu abin da ya tare ta. Motar nan tsawonta ya haura mita biyar, nauyinta ya fi tan ɗaya da rabi, ga jikana ɗan shekara tara a kujerar baya, ba rufi, ba bel. Allah Ya sa hanyar ba kowa. Na sauke giya, na taka birkin ajiya a hankali, muka gangara cikin yashin gefen titi muka tsaya. Na fi minti goma ban iya sakin sitiyari ba.

To, ga abin da ya faru, kuma shi ne abin da na fi so ku riƙe. Motocin yanzu birkinsu layi biyu ne, in ɗaya ya fashe ɗayan zai tsayar da kai. A Amurka sai wajen 1967 wannan tsari ya zama gama-gari. Impala ta 1964 tukunyar man birki ɗaya gare ta, ita ke ciyar da ƙafa huɗu, saboda haka roba guda da ta tsufa ta tsage, mai ya zube, birki ya tafi gaba ɗaya. Wanda duk ya sayi mota mai irin waɗannan shekaru, kada ya hau titi sai an sauya robobi da bututun birki kaf, in da hali ma a sa mata tukunya mai layi biyu. Ni sai da na ga abin da na gani na yi.

Da aka ɗaga ta a gareji sai sauran labarin ya fito. Chevrolet na 1958 zuwa 1964 shasinsu kamar harafin X yake, ya tsuke a tsakiya, babu dogon ƙarfe a gefe. Mota mai rufi, rufin na taimakawa wajen riƙe jiki. Wadda ba ta da shi kuwa, ƙasan ne ke ɗauke da komai. Mu nan Arewa muna taƙama da cewa ba mu da gishirin teku irin na Legas, motarmu ba ta tsatsa. Amma tantin wannan ya yage tun tuni, ruwan damina na shekara da shekaru ya riƙa kwanciya a ƙarƙashin kafet, ya cinye daɓen daga ciki. Mai walda ya yi wata biyu yana yanka yana sa sabon ƙarfe.

Sai matsalar makaniki. Yaran yanzu sun saba da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, wannan kuwa kafireto ce da kunne. Daɗin daɗawa, notocinta duka awon inci ne, sifanun garejinmu kuwa na milimita ne, sai su zame su cinye kan noti. Da ƙyar na sami wani dattijo a Kano da ya koyi aiki a kan manyan motocin da, yana da akwatin sifanun inci da ya ce ya girmi 'ya'yansa. Na zaga Kofar Ruwa sau uku, na sami fulogi da batir da bel ɗin fanka, amma famfon da ke ɗaga tanti da sauke shi, wanda yake bayan kujerar baya, da shi da sabon tantin, sai daga Amurka ɗana ya yi odarsu ta intanet. Abin mamaki, can har gobe ana ƙera kayan wannan mota sababbi. Dala ce kawai ba ta da tausayi. Da na haɗa lissafi, gyara ya ci fiye da kuɗin saye, kuma ɗakuna biyu da na yi niyyar ƙarawa a gida har yau tubalinsu na jibge a tsakar gida.

Mai kuma, a lissafina lita ɗaya ba ta kai ni fiye da kilomita biyar ko shida. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, abin da sauƙi. Daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafi, farashi ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 har ya taɓa dubu. Zuwa Katsina da dawowa ya zama abin da sai an yi shawara da iyali.

Wani abin da ban yi tunaninsa ba shi ne yanayinmu. A bazara kujerun ledar nan ba sa zaunuwa da rana, da hunturu ka isa inda za ka fari fat kamar wanda ya fito daga injin niƙa, da damina kuma idonka na sama. Su kansu Amurkawa da na'urar sanyaya mota ta yawaita sun guje ta, har Cadillac ta tallata Eldorado ta 1976 a matsayin buɗaɗɗiya ta ƙarshe, sai a 1982 Chrysler ta dawo da yayin. Lokacinta a Daura shi ne kaka, bayan la'asar, a hanyar Mai'adua ko ta Zango, gero ya nuna, iska ta yi sanyi. A irin wannan yammaci ba na tuna tubalin nan.

Wani ɗan ajinmu ya tambaye ni ɗazu ko zan sayar. Na ce a'a. Ya ce to ko zan ba shi shawarar ya nemi tasa. Na ce ya fara gama aurar da 'ya'yansa, sannan ya zo in ara masa maganaɗisu da tabarmar da zai kwanta a kai ya leƙa ƙasa, in kuma haɗa shi da dattijon nan tun yana da ƙarfi.

Motar tana gindin darbejiyar da ke gaban ofishin shugaban makaranta. Bayan an tashi, kujerar gaba ta Malam ce, baya kuma mutum uku-uku, zagaye ɗaya har Kusugu mu dawo. An gyara birkin, an sa bel.