Komawa Ga Ƙaunarmu Ta Fari

Karatu: Ru'ya ta Yohanna 2:1-7, Yohanna 21:1-17

Gaisuwa ta musamman ga jama'armu na Birnin Yauri da Yelwa, da na Wara da Ngaski da Shanga, da duk masu jinmu a bakin tafkin Kainji, ko kuna gyaran taru ne, ko kuna gaban bandar kifi. Allah ya ba mu kunnen ji.

Maganarmu ta yau a kan ikilisiyar Afisa ce. Manzo Bulus ya yi wajen shekara uku a wannan birni yana koyarwa. Ayyukan Manzanni sura 19 ta ba mu labarin yadda sababbin masu bi suka tattaro littattafansu na tsafi suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu kuwa ya kai azurfa 50,000. Ba wanda ya tilasta musu. Bayan wajen shekara 40, Ubangiji ya aika musu da saƙo ta hannun Yohanna. Ya yaba musu saboda aikinsu da jimirinsu, da yadda suka gwada manzannin ƙarya suka gane su. Da a yau ne, da mun ce ga ikilisiya abar koyi. Amma ya ce akwai abu guda da yake riƙe da su a kai: ƙaunar da suka fara da ita ta yi sanyi. Ya kuma gargaɗe su cewa in ba su tuba ba, fitilarsu ba za ta zauna a wurinta ba.

Yaya aka yi haka ta faru, alhali kuwa aiki bai tsaya ba? Birnin Afisa da kansa zai ba mu misali. Babbar tashar jiragen ruwa ce a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Kogin da ke bi ta wurin yana kawo laka da yashi kowace shekara yana zubawa a bakin tashar. An sha yashe ta, tana sāke cikewa. A ƙarshe laka ta ci, teku ya ja da baya, jirage suka daina zuwa. Yau Afisa kufai ne, kilomita da dama daga bakin ruwa. Mu mutanen bakin tafki mun san wannan. Ba a jin ƙarar laka idan tana taruwa. Sai ranar da gindin jirgi ya kafe mutum yake sanin ruwa ya ragu.

Haka sanyin zuciya yake zuwa. Lokacin cire albasa ya yi, aiki ya yi yawa, sai a ce a ɗaga addu'ar asuba ta gida zuwa mako mai zuwa. Albasa ta tafi kasuwa, addu'ar ba ta dawo ba. Wani ɗan'uwa ya faɗi magana a taron dattawa, ba a yi faɗa ba, amma tun daga ranar gaisuwa ta koma daga nesa. Waya kuma ta shigo, tana kwana a hannu, Littafi yana kwana cikin akwati. Noma ba zunubi ba ne, kasuwa ma haka. Duk da haka mutum yana iya zama mai tsaron ƙofa, ko shugabar zumuntar mata, ko ma mai wa'azi, yana ba da baiko da ushiri bai taɓa fashi ba, amma ya yi wata shida bai yi magana da Ubangiji shi kaɗai ba.

Saƙon ya ce a fara da tunawa. To, mu tuna. A 1968, da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, mutum fiye da 40,000 suka bar gidajensu, Gungawa da yawa suka baro tsibiransu suka hau tudu. A waɗannan shekaru masu bi kaɗan ne a ƙasar nan. Masu bishara da suka fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Salka suna bin ƙauyuka da ƙafa ko da keke, ana sujada a gindin itace ko cikin rumfar ciyawa. Tsofaffi suka koyi karatu da furfura a kansu don su karanta Maganar Allah da idonsu. Yau muna da gini mai rufin kwano, da lasifika, da janareto, mun kuma gode wa Allah dominsu. Sai dai a ranar addu'ar tsakiyar mako a ƙidaya kawuna.

Mu tuna da na kusa ma. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A kwanakin nan ba wanda aka roƙa ya zo addu'a. Mun yi azumi, mun yi kuka, mu da maƙwabtanmu Musulmi kowa yana roƙo a ɗakin ibadarsa. Sai a 2023 aka sako na ƙarshe cikin 'yan matan. Gwiwoyi nawa ne suka ci gaba da durƙusawa bayan hankali ya ɗan kwanta?

Ga mai jin nauyin komawa, ga labarin Bitrus. Ya yi musun Ubangijinsa sau uku yana jin ɗumi a bakin garwashi. Bayan tashin Yesu, sai ya koma su tare da 'yan'uwansa a tekun Tibariya. Suka kwana suna jefa taru, ba ko ɗan tsamako. Da gari ya waye, Yesu yana tsaye a bakin gāɓa, ya riga ya hura garwashi, ga kifi a kai, ga gurasa. Ku lura, ya ciyar da su tukuna. Bayan sun ci ne ya tambayi Bitrus har sau uku ko yana ƙaunarsa. Bai tone masa abin da ya wuce a gaban 'yan'uwa ba. Ya karɓi amsarsa, ya mayar masa da aikin kiwon tumaki.

Wasunmu suna jiran taron farkawa na kwana uku da baƙon mai wa'azi daga birni. Taron yana da amfani, amma sau da yawa wutar kara ce, ta tashi sama ta mutu kafin a kwashe kujeru. Ku dubi uwargida a gaban banda da sassafe. Ba ta zuwa neman sabuwar wuta. Tana kawar da toka, ta samo ɗan garwashin da ya kwana, ta ɗora masa ƙirare, ta durƙusa ta hura. Irin wannan hurawa ce Bulus ya umarci Timoti ya yi da baiwar da ke cikinsa, a wasiƙa ta biyu sura 1 aya 6. Maigida, yau da dare kafin a kwanta ka tara iyalinka, ku karanta Yohanna 21 ku yi addu'a, ko da minti goma ne. 'Yar'uwa, waccan da kike kauce wa a ƙofar majami'a, ki je gidanta kafin Lahadi. Baba Fasto da dattawa, ku ma saƙon ya shafe ku, gama wurin mala'ikan ikilisiya aka fara aika shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, ka san ayyukanmu, ka kuma san zuciyarmu. Ka kawar da tokar da ta rufe mu. Ka kiyaye masunta a kan ruwa, da manoma a gona, da yaranmu a makaranta. Kada ka ɗauke fitilarka daga ƙasar Yauri. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.