Shaidar da Jini Yake Bayarwa a kan Asalinmu

 Allah ya karɓi azuminmu.

Suratur Rum, aya ta 22, ta sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Yau za mu dubi wannan bambanci ta wata ƙofa, wato ƙwayoyin gado da kowane ɗa yake ɗauka daga uwa da uba. Masana sun auna su, suka tarar mutum biyu, ko daga ina suka fito, sun yi daidai a kusan kashi 99.9 cikin 100. Ɗan abin da ya rage shi ne yake ba da labarin inda kakanni suka zauna da hanyoyin da suka bi.

Mu ɗauki misalin amosanin jini, wanda ake kira sikila. A shekarar 1954, wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna, a Gabashin Afirka, cewa wanda ya gaji ƙwayar daga ɗaya cikin iyayensa, wato mai jinin AS, yana samun kariya daga tsananin zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ta yawaita a inda sauro ya daɗe yana kisa: masu ita sun fi tsira, suka hayayyafa. Wanda kuwa ya gaje ta daga iyaye biyu, shi ne mai SS, mai fama da ciwon ƙashi da ƙarancin jini.

Masana sun raba ta zuwa manyan rassa 5: na Senegal, na Benin, na Kamaru, na Bantu, da na Larabawa da Indiya. Reshen Benin, wanda ya fi yawa a ɓangarenmu na Afirka ta Yamma, ana samunsa a Arewacin Afirka har tsibirin Sisili, kuma masana suna danganta haka da zirga-zirgar mutane ta Sahara. Cinikin bayi kuma ya kai ƙwayar Brazil da Amurka. Ashe jinin da yake gidajen Maraɗi da Damagaram yana da dangi a bayan teku.

To, ina mai alfahari da asali? Wannan ƙwaya ba ta san gidan sarauta ba, ba ta san gidan maƙera ba. Sai ga shi muna hana aure saboda ƙabila ko sana'ar kaka, abin da ba ya cutar da jariri, muna kuma sakaci da awon jini, abin da yake iya cutar da shi. Idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SS.

Bayan salla za a ɗaura aure da yawa. Iyaye da waliyyai, mu tura yaran asibiti a auna su tun kafin a kai goro, kafin zukata su yi nisa. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Mai AS kuma ba abin gori ba ne, gado ne da ya tsare kakanninsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba iyayensu ladan haƙuri, ya sa mu cikin bayin da yake ƴantawa a wannan wata. Amin.