Jawabi kan ciwon sukari, mantuwa da damuwa



Idan dattijo ya fara mantuwa, ko uwa ta daina hira ta koma zaman shiru, mukan ce tsufa ne ko tunanin gida. Amma ciwon sukari da hawan jini ma suna jawo haka, domin suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sai tunani ya yi nauyi. Haɗarin ciwon damuwa ga mai sukari ya kusa ninki biyu na sauran mutane. Damuwar kuma takan hana shi barci, ta sa ya bar magani, sukarin ya ƙara hawa.

Don haka duk wanda ya yi sati 2 cikin baƙin ciki, komai ya fita ransa, a raka shi asibitin sansani. A auna jininsa da sukarinsa, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ke damunsa. A rage gishiri da magi da sukarin shayi, a riƙa tattaki na minti 30 kullum. Kada a ajiye magani don an ji sauƙi.

Damuwa ciwo ce, tana kuma da magani. Allah ya ba mu lafiya.