Bashin Da Ya Kai Gaban Alƙali

An shirya wannan jawabi ne domin malamai su karanta wa ɗalibansu a azuzuwan yaƙi da jahilci na Gusau da Tsafe da Bungudu.



Maganar yau ta bashi ce. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi yakan ci bashin taki da bazara ya biya da kaka. Mai tireda yakan karɓi kaya a kasuwar Gusau, sai ya sayar ya kai kuɗi. Wannan ba abin kunya ba ne. Wahalar tana zuwa ne ranar da wa'adi ya cika alhali babu abin biya.

Irin wannan rana kuwa ta sami mutane da yawa a shekarun nan. 'Yan bindiga sun hana noman gonakin nesa. A watan Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako-mako a Jihar Zamfara, aka kuma katse layukan waya. Ciniki ya tsaya, amma bashi bai tsaya ba. Wasu masu bin bashi sun yi haƙuri, wasu kuma sun kai ƙara.

Abu na farko da ke zuwa daga kotu shi ne sammaci. A nan ne mutane da dama ke cutar kansu. Da an ce ga ɗan aiken kotu a ƙofar gida, sai maigida ya bi ta baya, ko ya tsere ƙauyen surukansa. To, gudun ba ya kashe shari'a. Idan alƙali ya tabbatar sammaci ya isa, kuma wanda ake ƙara ya yi ta ƙin zuwa, yana iya sauraron mai ƙara shi kaɗai ya yanke hukunci. Wanda ake bin buhu biyar sai ya ji an rubuta bakwai, don ba ya nan balle ya ce ya riga ya biya biyu. Amma wanda aka yanke wa hukunci alhali sammaci bai taɓa iske shi ba, yana da damar zuwa kotun da sauri ya roƙi a janye hukuncin a sake zama.

Bashin da ke tsakanin Musulmi biyu yawanci kotun Shari'a ake kai shi. Waɗannan kotuna sun fara aiki a Zamfara a watan Janairu na 2000. Bashin banki kuwa an fi kai shi kotun majistare ko Babbar Kotu. Ko wacce ce, wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana iya ɗaukaka ƙara. Sai dai kwanakin ƙididdigaggu ne. Ya tambayi magatakarda tun ranar, kada ya bari sai bayan girbi.

Wanda kuwa ya san ana bin sa, gaskiya ita ce ta fi masa. Ya tsaya gaban alƙali ya faɗi ƙarfinsa. Kotu tana iya yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Manomi ya roƙi a haɗa biyan da lokacin da yake da abin hannu, wato bayan an cire gero da dawa da wake, ko an auna auduga. Kada kunya ta sa ya ɗauki alkawarin biya kowane wata kamar mai albashi, domin watan Agusta yana nan tafe, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Alkawarin da aka ɗauka a gaban alƙali aka saɓa ya fi bashin farko nauyi. Shari'ar Musulunci ta raba mai taurin bashi da wanda ba shi da hali. Wanda ba shi da hali ana jinkirta masa, kamar yadda ya zo a aya ta 280 cikin Suratul Baƙara. Mai hali da ya ɓoye dukiya ya ƙi biya, shi ne ake matsa wa, har ta kai ga tsarewa.

Idan an yi hukunci mutum ya yi kunnen ƙashi, kotu tana iya aiko ma'aikatanta su kama kayansa a yi gwanjonsu. Ana fara wa da abin da ke ɗaukuwa, kamar babur ko dabbobi ko hatsi. Gida da gona sai idan waɗannan ba su isa ba, kuma sai da izinin kotu. Kowa ya san kuɗin gwanjo, ba ya kai na kasuwa. Gara mutum ya sayar da ɗan sansa da kansa da daraja, da a sayar masa da shi a wulaƙance. Idan yana da ajiya a banki, kotu tana iya umartar bankin ya cire a biya mai ƙara.

A lura da wani abu. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don bashi kawai, in babu zamba a ciki. Ta kuma hana kama ɗa ko ƙane ko mata a madadin wanda ake nema. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai ofishin gwamnatin tarayya na ba da agajin shari'a kyauta a Gusau. Masu bashi kuma suna cikin mutum takwas da ake ba zakka, kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara ta sha biya wa wasu da ke tsare saboda bashi.

Yanzu ga inda zamani ya canja, kuma nan ne ya kamata a buɗe kunne.

A da, sunan mai taurin bashi a bakin mutane yake. Mai shago ya san shi, uwar adashi ta san shi, dillali ya san shi. In ya ƙaura daga Tsafe zuwa Funtuwa, sai ya zama sabon mutum. Bashin banki na yau ba haka yake ba. Tun 2014 aka fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda aka haɗa da zanen yatsun mutum. Lamba ɗaya ce tak, ko bankuna nawa yake hulɗa da su. Akwai kuma kamfanoni uku da Babban Bankin Nijeriya ya ba lasisin ajiye tarihin masu cin bashi: CRC da FirstCentral da CreditRegistry. A 2017 aka yi dokar da ta tsara aikinsu. Bankuna manya da ƙanana suna aika musu sunan wanda ya ci bashi, da nawa ya ci, da yadda yake biya. Hukuncin kotu a kan bashi ma ba asiri ba ne, yana iya shiga wannan littafi. Kafin wani banki ya ba mutum rance, sai ya duba. In ya ga tabo, sai ya ce a yi haƙuri, sau da yawa ba tare da dogon bayani ba. Labarin kuma yakan zauna aƙalla shekara 6.

Wannan ya shafi mutanenmu kai tsaye. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, daga baya ya bazu zuwa sauran jihohi. A 2020 kuma aka ba da rancen korona ta hannun bankin NIRSAL. Mutane da yawa sun ɗauka rabon gwamnati ne, ba a biya. Ba haka ba ne, rance ne, kuma da BVN aka rubuta shi. Tun daga watan Agusta na 2020 akwai tsarin da ake kira GSI. Wanda ya sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, in ya ƙi biya, banki yana iya kwasar kuɗin daga ajiyarsa ta wani banki daban, ba sai an je kotu ba. Shi ya sa wani zai sayar da wake, a tura masa kuɗi, kafin ya isa wurin mai POS an cire. Abin takaici, wasu ma aron sunansu da lambarsu suka bayar, wani ya karɓi kuɗin ya ba su na goro. A littafin banki, mai lambar shi ne mai bashin. Haka wanda ya tsaya wa wani: in mai bashi ya kasa, kansa za a dawo.

Saboda haka bashin da ya kai kotu littafi biyu gare shi, na kotu da na banki. Rufe ɗaya ba ya rufe ɗayan. Mutum yana iya biyan kuɗinsa cif, amma sunansa ya ci gaba da zama cikin waɗanda ake bi, don kawai ba wanda ya aika da labarin an biya.

To, yaya za a yi? Duk abin da aka biya, ko naira dubu ɗaya ce, a karɓi rasit mai kwanan wata da sa hannu. Kada a miƙa wa wani kuɗi a gindin bishiya don ya ce shi ɗan aiken kotu ne ko wakilin banki. In an sasanta a gida, a gaban liman ko mai unguwa, a koma kotu tare a shaida wa alƙali ya rubuta. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ranar da aka gama biya, a nemi takardar shaida daga magatakardan kotu. In bashin banki ne, a karɓi wasiƙar banki mai cewa ba a bin mutum ko kwabo, a kuma roƙi bankin ya gyara sunan a wurin kamfanonin nan uku. A adana takardun cikin leda, inda gara da ruwa ba za su kai ba, kuma a nuna wa babban ɗa ko uwargida wurin da suke. Dalili shi ne, in mutum ya rasu, sai an fitar da bashi kafin a raba gado. Ba wuya wani ya zo da tsohuwar magana alhali mai amsawa ya kwanta dama.

Doka ta ba kowa damar ganin tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara daga waɗannan kamfanoni. Wanda ya ga bashin da bai ci ba, ko wanda ya riga ya biya, ya rubuta koke ga bankin, ya riƙe kwafi mai hatimi. In mako biyu ya wuce ba amsa, ya kai kukansa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya, wanda ke da reshe a Gusau. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna a rubutu, ya zo da takardunsa aji, malami ya taimaka masa a rubuta koken tare.