Allura tukuna, sannan keke: jawabi ga uwar da ke son koyon ɗinki

Wadda ta baro tukunya a kan murhu ta yi haƙuri, ba zan ja ku da nisa ba.

Shugaba ce ta ce in yi magana a kan ɗinki, saboda kwanakin nan duk wadda aka tambaya me za ta yi da rance sai ta ce keken ɗinki. Ni tela ce, da ɗinki nake rufa wa kaina asiri, kuma na koye shi ne ina da goyo a baya da yara uku a gabana. Don haka ba hana ku na zo yi ba. So nake mu jera abin yadda zai yiwu ga mace mai 'ya'ya: hannu ya fara iyawa, ya fara kawo ɗan kuɗi, sannan a yi maganar keke.

Bari in fara da lissafi, don a nan ake faɗuwa. Irin wannan ƙungiya tamu daga Nijar ta samo asali, a yankin Maraɗi, a shekarar 1991, lokacin da hukumar CARE ta fara aiki da Mata Masu Dubara. Tsarin kun san shi: zubi duk mako, akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, rance ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, a biya cikin wata uku, in shekara ta zagayo a yi rabo. To ku riƙe wata ukun nan. Rancen wata uku an yi shi ne don abin da ke juyawa da sauri. Ki sayi gyaɗa, ki matse mai, ki soya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa kuɗinki ya dawo. Keke ba ya juyawa haka a hannun mai koyo. Budurwar da ke wuni a wurin tela, ba miji ba ɗa, sai ta daɗe tana kallo tana ɗinka ƙyalle kafin a yarda a miƙa mata atamfar mutane ta yanka. Ina ga ke da ba ki da fiye da awa ɗaya a rana? Wata uku zai cika, magatakarda ta buɗe littafi ta kira sunanki, keke kuwa yana kusurwar ɗaki lulluɓe da zane. Daga nan sai a ja akuya kasuwa, ko a sayar da keken a kan asara. Kuɗin nan kuma ba na hukuma ba ne, na matan da ke zaune kusa da ke ne a kan tabarmar nan.

Shawarata ita ce, kuɗin keke ya fito daga rabon ƙarshen shekara, wanda naki ne ba mai bin ki. Rance kuwa a bar shi ga zare, allura, almakashi mai kyau, da yadi biyu ko uku da za ki ɗinka ki sayar kafin wa'adi.

Sai maganar lokaci, wadda na san ita ce ke cin zuciyar kowa. Za ki ce ina na ga lokaci? Ɗebo ruwa, surfe, girki, wanki, wannan na kuka wancan ya faɗi. Gaskiya ne, kuma kada ki jira ranar da gida zai yi tsit, ba ta zuwa. Ni a guntu-guntu na koya. Abin da ya taimake ni shi ne na gane aikin ɗinki ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke son kai a natse, akwai wanda hannu kawai yake so. Awo da yanka su ne masu son natsuwa. Ɗinki in ya karkace a warware a sake, amma abin da almakashi ya ci ya ciwu. Don haka yanka sai yara sun tafi makaranta da safe, ko sun tafi Islamiyya da yamma, ko jariri ya yi barcin hantsi. In yaro na kuka, ajiye almakashi. Kalmasa kuwa, da sa maɓalli, da zura zariya, da ɗinkin hula, waɗannan kina zaune kina jiran wake ya nuna za ki yi, kina hira a gidan suna za ki yi, kina layin awo a asibiti za ki yi. Ki sami ɗan jaka ko gwangwani mai murfi, aikin hannu ya riƙa bin ki.

Wadda ke da abokiyar zama tana da wata dama da ba a cika faɗa ba. Ranar da ba ke ce da girki ba, ita ce ranar ɗinkinki. Wadda take ita kaɗai, ta nemi maƙwabciya a cikin ƙungiya su yi karɓa-karɓa: yau ni zan riƙe miki yara daga azahar zuwa la'asar, gobe ke ki riƙe mini. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire babbar 'ya daga makaranta don ta yi reno uwa ta yi ɗinki. In ta dawo ta taya ki, madalla, ita ma hannunta zai faɗa. Amma ba a rufe mata littafi saboda sana'ar uwa. Kuma ku duba shekara. Da damina muna gona, da kaka muna girbi da sussuka. Rani ne lokacin koyo. Mai gida ma a gaya masa tun farko, a nuna masa ranakun da za a je wurin mai koyarwa, don kada a fara a tsaya a tsakiya.

To me za a fara ɗinkawa? Gyara. Na san ba shi da daɗin faɗi, kowa so take ta ce ta ɗinka riga da siket na amarya. Amma ku leƙa ɗakunanku. Wandon makaranta ya yage a gwiwa, rigar mai gida ba maɓalli, bakin zane ya zare, hijabi ya ɓalle a haɓa. Kowanne darasi ne, kuma kayan gidanki ne, ba wanda zai zo ya tsaya miki a ƙofa in bai yi kyau ba. Ki yi maho, ki yi kalmasa, har layinki ya miƙe. Kuɗin da da za ki ba tela ya zauna a hannunki, ki zuba shi a akwati. Maƙwabta in sun ga yaronki da wando a gyare, da kansu za su aiko.

Daga nan sai ƙyalle. Kowane tela yana tara guntayen atamfa, wani ya ba ki kyauta, wani ya sayar da buhu da arha. A wurin mai koyo wannan dukiya ce. A haɗa su a yi rigar matashin kai, jakar allo ko ta littattafai, shimfiɗar jariri, majanyi. Ana kuma yin ƙunzugu mai wankuwa da yadin auduga mai laushi a ninka shi, kuma 'yan matanmu suna bukatarsa duk wata, ga audugar kanti ta yi tsada. Wannan kasuwa ce da ke cikin gidajenmu, ba sai an fita talla ba.

In za ki shiga kayan yara, ga dabara. Ɗauki tsohuwar rigar 'yarki wadda ta yi mata daidai, ki warware ɗinkin a hankali, ki shimfiɗa kowane ɓangare a kan takardar buhun siminti, ki zana ki yanke. Kin sami abin kwatance ke nan ko ba ki iya karanta tef ba. Wadda ta iya lamba ta riƙe cewa yadi ɗaya inci 36 ne, turmin atamfa yadi 6 ne, kuma a bar wajen rabin inci a kowane gefe don ɗinki ya samu abin ci. Rigar yaro a bar mata kalmasa mai faɗi, baɗi a sake ta. Uwa ce kaɗai ke tuna wannan, kuma shi ke sa iyaye mata su dawo wurinki.

Hula ma sana'a ce da mata suka daɗe suna yi a cikin gida a ƙasar Hausa da Barno. Mai hula ya kawo miki ita a zane da zarenta, ke ki cike, ya biya ladan aiki. Ba ta son jari, ba ta son keke. Sai dai tana cin kwanaki kuma tana cin ido. Ki yi ta da rana a inuwa. Ɗinkin dare da tocila a baki ko a ɗaure a goshi, wallahi ba riba ba ne, idon nan da shi za ki zura allura har tsufa.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku sosai, don wannan ya fi kuɗi. Kayan ɗinki da yara ba sa shiri. Kada ki soke allura a ɗan kwali ko a bakin zane, mai goyo fuskarsa a nan take. Kada ki riƙe ta a baki. Ki ƙirga allurarki kafin ki fara, ki ƙirga in kin gama, in ɗaya ta ɓata ba a tashi sai an gan ta. Reza, maɓalli da fil duk su koma gwangwani mai murfi, a ɗora a sama. Mai rarrafe komai baki yake kai wa. In keke ya shigo gida, duk lokacin da za ki tashi ko da ɗebo ruwa ne, zame bel ɗin daga kan ƙafar, ki rufe. Yaro ɗaya ya taka feda, ɗaya ya sa yatsa a ƙarƙashin allura, ya faru a gidaje da yawa.

Ranar da rabo ya zo kika tashi sayen keke, kada ki je ke kaɗai. Tafi da tela, ko ki aiki wanda ya san keke. Baƙin keken nan irin Butterfly ko Singer shi ya dace da ƙauye, ba ruwansa da wuta, kayan gyaransa suna nan a kasuwannin gari, kuma masu gyara sun san shi. Na hannu da aka yi amfani da shi ba laifi ba ne in yana da lafiya. A gwada shi a gabanki da yadi marar kauri da mai kauri, ki juya ƙyallen ki duba bayansa. In zaren ƙasa yana cukurkuɗewa ko ɗinki yana tsallake, a gyara kafin ki biya. Allura lamba 14 ta ishi atamfa, lamba 16 ta mai kauri ce. A sa masa man keke, ba man gyaɗa ba, man gyaɗa daskarewa yake ya kama ƙura. Kafin ki sa zare ma, ki zana layi a takarda ki yi ta bi da allura har ƙafarki da hannunki su saba da juna. Mata biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, amma a rubuta a gaban ƙungiya: a ɗakin wa zai zauna, wa ke da wace rana, wa zai biya gyara, kuma in ɗaya ta tashi daga garin yaya za a yi da kasonta.

Saura kuɗin aiki. Mu mata kunya ke cinye mana riba. Ƙanwar miji ta kawo, 'yar ɗaki ta kawo, kowa ta ce ai ke ta gida ce. A ce kin karɓi naira 1,000 a kan rigar yarinya, zare da zif da roba sun ci 400, abin da ya rage 600 ne, kuma a ciki akwai rabon keke na mai da allura da gyara. In kika ce a bar shi, ba kyautar aiki kaɗai kika yi ba, har da 400 daga aljihunki. In za ki yi alheri ki yi da saninki, ki ce wannan na yafe, amma kayan aiki a kawo. Sauran mutane kuwa a faɗi kuɗi kafin a sa almakashi, a karɓi kafin alƙalami, a cika ranar karɓa.

Kuma ku yi hattara da ɗinkin Sallah. Lokacin ne kuɗi ke shigowa, lokacin ne kuma suna ke ɓaci. Azumi ga girkin buɗa baki ga sahur, ga yara an ba su hutu suna gida. Ki san kaya nawa kike gamawa a mako a ranakun da ba azumi, ki rage, shi za ki karɓa. In ya cika ki ce ya cika, ko wace ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Atamfar da aka kawo miki wataƙila uwa ta yi wata da watanni tana tara kuɗinta, ita ke nan 'yarta za ta sa ranar idi. A shekararki ta farko ma ni da za ki ji tawa, ɗinkin Sallar 'ya'yanki kaɗai za ki yi, su fita da shi mutane su gani.

Mako mai zuwa bayan an rufe akwati, duk mai so ta tsaya rabin awa. Kowa ta zo da allura, da zare, da kaya ɗaya da ya yage a gidanta. Ni zan kawo almakashi da alli da takardar siminti. Masu goyo ku zo da abinku, za mu shimfiɗa musu tabarma can gefe, mata biyu su riƙa kula da su muna canji. Wadda ta riga ta iya kalmasa ta ɗaga hannu yanzu magatakarda ta rubuta sunanta, don a haɗa ta da wadda ba ta iya ba.