Mai Ciwon Suga da Hidimar Sallah

Ga Sallah ta ƙarato, kuma yau maganata da ke ce, ke da likita ya ce kina da ciwon suga, ko ke da kike girka wa mai shi.

Bari mu fara da safiyar Idi, don a nan ne haɗarin da ba a cika zancensa ba yake. Kin tashi tun asuba, kin sha ƙwayarki, kin hau tuƙin tuwo da suyar waina, ga yara na jiran wanka, har azahar ba ki sa komai a baki ba. Idan glibenclamide kike sha, ko allurar insulin kike yi, shi magani ba ruwansa da aikinki, zai ci gaba da sauke suga ko da ciki wayam yake. Sai ki ji jiki na rawa, gumi na keto miki, gaba na faɗuwa, ido na ganin dishi-dishi. Kada ki ce gajiya ce. In na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 (wasu na'urorin 3.9 suke rubutawa), ko ma babu na'urar, maza ki jiƙa suga cokalin shayi huɗu a ruwa ki sha. Bayan minti 15 in ba ki warware ba ki ƙara, sannan ki ci abinci. Wadda ta suma kuwa, kada a ɗura mata komai, a garzaya da ita asibiti. Ki sanar da abokiyar zamanki da babbar 'yarki wannan tun yau. In kuma an canza miki lokacin shan magani saboda azumi, ki sa a tambayo likita yadda za ki koma kafin a ga wata.

Sai batun kwanuka. Wannan gida ya aiko da alkaki, wancan nakiya da dubulan, Hajiya ta aiko da funkaso. Mayar da kwano abin kunya ne, na sani, amma ai karɓa daban, ci daban. Ki karɓa, ki yi godiya, ki raba wa yara da baƙi. In rai ya biya, ki gutsuri kaɗan bayan kin ci abinci, ba a kan yunwa ba. Kuma kada a ruɗe ki da cewa da zuma aka yi, ita ma zuma tana tada suga.

Abin sha ma ya fi ba ni tsoro, don ba ya cika ciki balle ki san kin sha da yawa. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 9, alhali tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini. Lemon malt da muke cewa yana ƙara jini, shi ma suga ne fal. Ki ɗebi zoɓonki gefe kafin a zuba suga, ki sa citta da kanumfari.

A wajen cin tuwo, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki ta isa, miya ta fi tuwon yawa: kuka, kuɓewa, alayyafo, ga kwaɗon zogale ko rama a gefe. Naman layya ba ya tada suga kamar shinkafa, sai dai kitse da gishiri da ɗanɗano da ake labta masa suna wahalar da zuciya da ƙoda. Tsoka daidai tafin hannu, kuma dafaffe ko gasasshe ya fi soyayye. In kin gama, kada ki miƙe a tabarma, ki zagaya tsakar gida minti goma ko sha biyar.

Yauwa, ƙafa. Wannan ciwo yana kashe jin ƙafa, har garwashi ya ƙone ki ba ki sani ba. Kafin ƙunshi ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, don lalle yana ɓoye rauni. In akwai ƙuje ko tsagewa, a haƙura da lallen bana, a nuna wa ma'aikaciyar lafiya. Sabon takalmin Sallah in ya matse, ki ajiye shi, kuma kada ki taka bakin murhu ba takalmi.

Allah Ya nuna mana Sallar lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.