Amsar Wasiƙa: Sharhin Ƙwallo Sana'a Ce?

Wasiƙarmu ta yau daga Haɗeja take. Wani manomin fadama ne ke cewa ɗansa ya kafe sai ya zama mai sharhin ƙwallo a rediyo, shin wannan sana'a ce ko zaman banza?

To Malam, sana'a ce. Dattawa za su tuna marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Nijeriya. A zamanin da Green Eagles ta doke Aljeriya da ci 3 da nema a Legas, ta ɗauki kofin Afirka a 1980, muryarsa ce idon wanda ba shi da talbijin. Shi ya laƙaba wa Christian Chukwu sunan Ciyaman, ya kira Segun Odegbami mai lissafi. Ya rasu a 1990, amma har gobe sunayen nan suna bakin mutane. Can Amurka kuma, Vin Scully ya yi shekara 67 yana sharhin wasan besbol na ƙungiyar Dodgers, daga 1950 zuwa 2016.

Sai dai fa aikin ba ihu ba ne. Yana son karatu, da haddar sunaye, da faɗin gaskiya ko ƙungiyarka aka ci. Kuma guraben kaɗan ne.

Saboda haka, Malam, kada ka hana shi. Ya riƙe makaranta, ya gwada bakinsa a wasannin unguwa, amma kada ya saki noman rani tukuna. Allah ya yi masa albarka. Sai mun ji daga gare ku.